Surukaina za su zo daga Kumasi karon farko, ina zan kai su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Matata 'yar Zangon Kumasi ce, a can aka ɗaura mana aure. Yanzu iyayenta za su zo ganin jika, kuma ba su taɓa taka ƙasar Najeriya ba, ko da yake mahaifinta yakan ce kakansa daga Kano ya tafi fataucin goro bai dawo ba. Kwana goma za su yi. Abokaina suna cewa in kai su Legas da Abuja da Yankari da Obudu don su san sun zo babbar ƙasa. Ina ya kamata in kai su?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya jika, ya kawo baƙi lafiya.

Na yi shekaru ina koyar da tarihi a nan Kaduna, da na ajiye alli kuma sai rakiyar baƙi ta zama aikina, yawancinsu masu bincike da ke zuwa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon. Abin da na koya a wannan aiki shi ne baƙon farko ba a cika masa ciki da hanya. Jerin da abokanka suka ba ka taura huɗu ne a baki ɗaya. Obudu tana can Kuros Riba kusa da iyakar Kamaru, Yankari tana Bauchi, Legas tana bakin teku. In ka haɗa su a kwana goma, abin da surukanka za su koma da shi gida shi ne ciwon baya da labarin shingayen bincike. Na taɓa yin wannan kuskure da wasu dattawa biyu da suka zo daga Sudan. Na cika musu kwana bakwai da garuruwa shida, a rana ta biyar ɗayansu ya kasa fitowa daga mota, ƙafafunsa sun kumbura. Har yau abin yana damuna, domin garin da ya fi son gani shi ne bai samu ƙarfin takawa a cikinsa ba.

Sannan ka duba daga ina baƙinka suka fito. Mutumin Gana ya san teku, ya san gidajen bayi na Elmina da Cape Coast, don haka Badagiri ba za ta ba shi mamaki ba. Yana da giwaye a dajin Mole. Sarauta ma ya san ta, fadar Asantehene, sarkin Asante, tana cikin garinsu. Abin da ba shi da shi, abin da ya taso yana ji a bakin kakanni, shi ne ƙasar Hausa kanta: ganuwa, ƙofar gari, marina, zauren malamai, doki da lifidi, da gari guda da kowa ke magana da harshen da shi a can sai a zango ake jin sa. Amsar tambayarka tana cikin maganar surukinka. Ya ce kakansa daga Kano ya fita. To ka mayar da shi ta hanyar Kaduna, Zariya, Kano, Daura, a hankali, ka bar sauran ƙasar sai zuwa na biyu.

Kafin in shiga garuruwa, ga wani abu da matasa kan manta. Kai suruki ne. Ba za ka zauna ka ci abinci a gaban mahaifin matarka ba, ba za ka sake ka yi hira da shi yini guda ba, shi ma zai takura. Ka nemi babba a danginka, baffa ko kawu mai sakin fuska da sanin gari, ya zama abokin tafiyarsa. Hajiya kuma ka haɗa ta da mahaifiyarka ko gwaggonka. Kai ka riƙe mota da masauki da aljihu. Duk tafiyar da na ga ta yi armashi, da irin wannan tsari aka yi ta.

Batun shigowa ba shi da wuya. Ɗan Gana ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, yana iya zama har kwana 90, amma su riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Su hau jirgi daga Akara zuwa Abuja, ka je ka tarye su da kanka. Tashar jirgin ƙasa ta Idu ba ta da nisa da filin jirgi, kuma layin da aka buɗe a 2016 yana kawo mutum Rigasa, tafiyar kilomita 186. Ka sayi tikiti da wuri. Na san har yanzu akwai masu fargabar jirgin tun harin 28 ga Maris 2022, kuma ba zan ce musu ba su da hujja ba. Ni dai don dattawa na fi zaɓar jirgin safe ko na rana a kan motar hanyar Abuja.

Kwana biyun farko kada ka kai su ko'ina. Su huta, su ɗauki jika, maƙwabta su shigo gaisuwa, a kai su gidan iyayenka. Wannan shi ne abin da ya kawo su. A rana ta uku sai ka fara da Kaduna, kuma kada ka raina ta don kana cikinta kullum. Gaskiya ba tsohon birni ba ce, Turawa ne suka kafa ta, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Amma duk wanda yake son ya fahimci Arewa ta zamani, nan zai fara.

Ka kai su Gidan Arewa da ke kan titin Rabah da hantsi. Nan ne gidan Firimiya, Sardauna Ahmadu Bello, kuma nan aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a daren 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai hotuna da kayan Sardauna da takardun zamaninsa. Na lura dattawan zango sun san sunansa sarai, da yawa sun ji labarin rasuwarsa a rediyo suna yara. In surukinka ya tsaya shiru a gaban hoto, ka ja da baya ka bar shi, kada mai yi muku bayani ya hanzarta shi. Daga nan ku wuce gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin NPC, jam'iyyar Sardauna. A can za su ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin jihar nan, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ku yi azahar a Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki. Ku bi ta gaban Lugard Hall su ga ƙubbarsa, da yamma kuma ku sauka Gamji a bakin kogi, inda ƙaramar gadar ƙarfen da aka ɗauko daga Zungeru take. A nan za ka gaya musu cewa sunan garin daga kadduna ya samo asali. Da dare a sayo tsire da balangu mai zafi. Su ma suna da nasu da suke kira cicinga, za ka ji an soma gardamar wanne ya fi yaji, kuma daga wannan gardama hira take ɓarkewa.

Za a ce maka ka kai su ginin Kajuru, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980, ko ruwan Matsirga kusa da Kafancan. Wuraren suna da kyau. Amma an taɓa kai hari a Kajuru a 2019, kuma hanyoyin yankin yau lafiya gobe akasi. Da baƙon amana ban yarda a gwada sa'a ba.

Rana ta huɗu, ka daidaita ta faɗo Juma'a, ku tafi Zariya. Kilomita 80 ne, in kun fita bayan karin kumallo kuna can kafin rana ta yi zafi. Ku shiga ta Ƙofar Doka. Mutane da yawa suna tsayawa a ƙofar fada su ɗauki hoto a gaban zanen launuka su juya, su bar abin da ya fi daraja a gefensu. Masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Daga waje za ka ga ginin zamani, domin an lulluɓe tsohon da sabon gini. Ka nemi izini ku shiga ciki bayan an watse. Ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo ke tasowa daga ginshiƙai masu kauri, ƙasa da azara kawai, su tanƙwaro su haɗu a tsakiyar rufi kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Ka sa surukinka ya shafa zanen da ke jikin ginshiƙi. Babu siminti, babu ƙarfe, kuma ginin ya doshi shekara ɗari biyu. Akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, amma a nan ne ake sallah a cikinsa. Ranar Juma'a kuma za su ga dogarai da jajayen riguna, su ji kakaki da algaita lokacin fitowar Sarki. In kana son su gai da Mai Martaba, wannan ba a yin sa da ka, sai ka bi ta hannun wani mai sarauta tun da mako guda.

Da la'asar ku zagaya Samaru su ga jami'ar da aka kafa a 1962, ku hango dutsen Kufena, kawunka ya ba su labarin Sarauniya Amina. In Alhaji mai son sutura ne, cikin birnin Zariya gidan ɗinkin hannu ne, babbar riga mai aska takwas da hula. Ku kwana a Zariya, kada ku kama hanyar Kano da yamma.

Kano ita ce zuciyar wannan tafiya, ka ba ta kwana uku cur. Kuma aikin Kano tun yanzu za ka fara shi, kafin su taso. Ka sa matarka ta tambayi mahaifinta duk abin da ya rage a bakin dangi: sunan kakan da laƙabinsa, sunan unguwa ko ƙauye, irin askar da ke fuskarsa, sunan madugun da ya bi. Fataucin Gwanja, ƙasar da ke arewacin Gana ta yau inda kasuwar goro ta Salaga take, ba ƙaramin al'amari ba ne. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi watanni kafin su isa Salaga, su juyo da goro. Zuwa da dawowa kan ci kusan shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan sana'a. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu suka yi Kete Karachi, wasu Akara, wasu daga baya suka zauna Kumasi. Alhasan Ɗantata kansa, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne ɗan madugu, ya bi mahaifiyarsa Akara, ya yi cinikin goro a can kafin ya dawo Kano ya zama attajirin da aka sani. To in kakan surukinka yana cikin wannan ayari, unguwannin da ke kewaye da Dala, irin su Madigawa da Koki, nan ne za a fara tambaya. Ku je wurin mai unguwa da goro a hannu, ku faɗi abin da kuka sani. Kada ka yi wa tsoho alkawarin za a samu dangi, sau da yawa ba a samu. Amma na taɓa zama a wani zaure a gindin Dala da wani baƙo daga Tamale, ya ambaci laƙabin kakansa, wani tsoho da ke jingine da bango ya gyara zama ya ce a kira masa yayarsa daga cikin gida. Ta fito da sanda, ta dubi baƙon, ta ce goshin gidansu ne. Ba mu bar unguwar ba sai bayan isha'i.

Ko ba a samu kowa ba, ku hau Dala da sassafe kafin rana ta ɗaga, in ƙafarsa za ta iya matakalar. Daga sama zai ga birnin a shimfiɗe, da Goron Dutse, da ragowar ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Daga nan sai Gidan Makama, wanda yake gidan tarihi yanzu, yana kallon Gidan Rumfa. Duka biyun da Kasuwar Kurmi ana danganta su da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A Kurmi ka ce wa mai rakiya ya bi da ku layin masu kayan doki da dukawa da masu kanwa, domin kayan da kakansa ya ɗauka zuwa Gwanja har yau ana sayar da irinsu a wurin. In kuma yana son ganin inda goron ke sauka a yau, ku je kasuwar goro ta Mariri, ya ga huhu a jibge, ya ji ana ciniki. Zai fi ku sanin mai kyau.

Marinar Ƙofar Mata kada ta wuce ku. An ce tun 1498 take. Ramuka ne a jere a ƙasa, da yawansu yanzu sun bushe, kaɗan ke aiki. Marini yana tsugune a bakin rami, hannunsa ya rine har gwiwa, ya haɗa baba da toka da ruwa ya bar su kwanaki suna tsima. Zai tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ka ga ya fito kore-kore, kana tsaye kana kallo iska ta buge shi ya juye shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka har launin ya kama. A gefe kuma kana jin masu bugu suna sauke mabugi a kan gungume har ƙyallen ya ɗau sheƙi. Ku sayi wani abu a hannunsu, kada ku yi kallo kawai ku wuce, kuma kada ku matse su a ciniki. Sana'ar tana numfashi da ƙyar, abin da baƙi ke saya yana cikin abin da ke riƙe da ita.

Hajiya kuwa ranarta daban ce. A kai ta Kantin Kwari da mata 'yan'uwanta. Atamfa ba za ta burge ta ba, Gana gidan atamfa ce. Shadda da leshi da mayafi da turaren wuta da humra, su za ta nema. A ciyar da su gurasa bandashe da ɗanwake da fura da nono mai kyau. Za su yi dariya in suka ga shinkafa da wake, domin wakyen da duk Gana ke ci daga wannan suna ya fito, haka tuwon zafi da koko da ƙosai. Su ma Hausarsu za ta ba mutane sha'awa, ba su cika bambanta namiji da mace a magana ba. Ka ja kunnen yaran gida kada wani ya yi musu dariya a kan haka.

Daura tafiyar yini guda ce daga Kano ta Kazaure, ku fita da safe ku dawo kafin magariba. Rijiyar Kusugu tana cikin ɗaki yanzu, za a ba su guga su ja ruwa su sha. Labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da aurensa da Daurama, da Bawo da Hausa Bakwai, mu malaman tarihi muna da muhawara a kansa, domin Hausawa sun girmi labarin. Amma ban taɓa ɗaga wannan muhawara a bakin rijiyar ba. Na ga dattijo ya sha ruwan ya shafa a fuska ya cika gora zai kai wa 'yan'uwansa, kuma na san abin da yake ji gaskiya ne. In lokaci ya ba ku dama kuma an tabbatar muku da lafiyar hanya, Katsina tana gaba da hasumiyar Gobarau. In babu, ba a yi asara ba.

Game da lokaci, in zaɓi yana hannunka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi ga tsofaffi. Sai dai hunturunmu ya fi na Kumasi cizo, ka tanadi bargo da rigar sanyi da man shafawa, kuma hazo kan jinkirta jirgin sama. Ka guji Afrilu da Mayu, zafin Kano a lokacin yana kayar da baƙo. Abu ɗaya ne zai sa in ce a jure kowane yanayi, shi ne hawan Sallah. Doki ba ya rayuwa sosai a kurmin Asante saboda ƙudan tsando, don haka ɗaruruwan mahaya da lifidi da kwalkwali suna jafi a gaban Sarki abu ne da surukinka bai taɓa gani ido da ido ba. UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda rikicin sarauta, don haka ka tambaya kafin ka sa rai. Zazzau tana yin nata, da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ga ta kusa da kai. Daura kuma tana da Sallar Gani a watan Mauludi.

Na san zuciyar dattijo za ta so Sakkwato, ya ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo wanda ya rasu a 1817. In ya nace, a cire Daura a sa Sakkwato, amma da jirgin sama. Kada ka bi da su ta Zamfara ko Birnin Gwari a mota. Ƙa'idata a kowace hanya ita ce a fita bayan gari ya waye sosai, a sauka kafin la'asar sakaliya, kuma a daren tafiya a tambayi direbobin tashar Kawo abin da ake ciki, domin su ke bin hanyar kullum. Kada ka riƙa sanar da inda za ku a Facebook, hotuna su jira sai kun dawo.

Yankari ka ajiye ta sai zuwa na gaba, lokacin da jikan ya yi wayon shiga ruwan Wikki mai ɗumi. Tana son kwana uku nata na kanta, kuma an fi ganin namun daji daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da suke taruwa a bakin kogin Gaji. A wannan zuwan za a iya haɗawa da kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi da sanyin Jos.

Kwana na tara ku dawo Kaduna su yi sallama da dangi, a haɗa tsaraba: kilishi, dambun nama, hula, da turmin da aka rino a Ƙofar Mata. Ran na goma ku hau jirgin safe zuwa Abuja. In jirginsu na yamma ne, akwai lokacin da za su yi sallah a Masallacin Ƙasa, ku leƙa Madalla su ga dutsen Zuma. Ka ba Alhaji takardar naira ɗari mai hoton Zuma ya riƙe ya gwada hoton da dutsen, sannan ku kama hanyar filin jirgi da sauran rana.